Ranar da Na Kama Ɗan Ta'adda a Bakin Rijiya

Dutsin-Ma.

Zuwa ga ɗiyata Hauwa'u, wadda nake kira Uwata.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya sa motar da ta ɗauke ki ta sauke ki a kan ƙafafunki, Ya kau da idon mugu daga kanki a hanya da masauki. Amin.

Na san za ki ce me ya hana Baba ya faɗa mini da baki. Na gwada. Duk lokacin da na gyara murya na ce "Uwata, zauna mu yi magana," sai ke da Hajiyarku ku kalli juna, in ga kafaɗunku suna rawa. Ga shi sunan mahaifiyata gare ki, ba ni da bakin yi miki tsawa. Shi ya sa na rubuta na cusa a ƙullin kilishi, inda na tabbata hannunki zai fara zuwa.

Labarin gida babu, yadda kika bar shi haka yake. Abin da ya hana ni sukuni shi ne aikin da za ki. An tura ki hidimar ƙasa can kudu, garin da ba ki jin yarensu, kuma karatunki na tsabtar muhalli ne, wato bin rijiyoyin mutane kina zuba musu magani. Kowa ya taya ki murna, ni ma na yi dariya a gaban mutane. Amma na san abin da ke samun baƙo idan aka gan shi yana zuba abu a rijiya. Ba labari aka ba ni ba, ni ne na yi ihun.

Kina ƙarama lokacin, ko firamare ba ki shiga ba. Shekarun nan ne da bom ke tashi a manyan garuruwa, rediyo ba ya kawo komai sai mutuwa. Kowa ya ji tsoro, ba ni kaɗai ba. Inda na fi kowa shi ne ni na mai da nawa tsoron sarauta. Ina da rediyo mai kama tashoshin ƙetare, na riƙa jin yadda a wasu ƙasashe ake sakin iska mai guba, mutum yana tsaye sai ya faɗi, ko ɗigon jini babu. Da safe sai in kwashi wannan ilimi in kai teburin Malam Sale mai shayi in raba kyauta. Ni da ban san abin da ke cikin maganin sauro ba, sai ga ni ina bayanin nukiliya da cokali da gwangwanin madara. Gwangwani shi ne Dutsin-Ma, cokali shi ne makami, in buga in ce shi ke nan, har Kurfi sai toka. Malam Sale ya laƙaba mini Janar. Wallahi na ji daɗin sunan, ban gane zolaya ce ba.

Har rami na sa aka haƙa a bayan gida, wai mafaka. Hajiyarku ta zo ta tsaya a bakinsa ta leƙa ta ce, "Alhaji, in kabari ne ka gaya mani, in fara kuka tun yanzu in rage aiki." Ruwan farko ya cika shi, kwaɗi suka tare a ciki da iyalansu. Daga baya akuyarta ta faɗa, muka jawo ta da igiya tana kallona.

To, Uwata, ki ji tsoro, ba laifi ba ne, mai rai ke ji. Amma kada ki yarda ki ji daɗinsa. Ni na ji daɗinsa. Na kai matsayin da in gari ya waye lafiya sai in ji kamar an ƙaryata ni a gaban jama'a. Duk wanda ya kai nan jiran masifa yake, in ta ƙi zuwa zai tashi ya je ya kirawo ta.

A wannan daminar na sayi tsohon wake a kasuwar Kuki da araha, don ƙwari sun fara shigarsa. Sitona na kasuwa yana yoyo, sai na jira ranar da Hajiyarku ta tafi suna na sa aka kawo buhunan gida, aka jibge a ɗakin soro. Ta sha gaya mini kada in kawo mata wake gida. Kin san ɗakin, tagarsa tana kallon tsakar gida, kuma a lokacin akurkin kajinta a jingine yake da bangon. Na zuba ƙwayar nan mai warin tafarnuwa da muke kashe ƙwari da ita. Mai sayarwa ya gaya mini iya abin da ake sawa, ni kuma na ce ƙwarin Kuki ba irin na ko'ina ba ne, na ninka. Na ja ƙofa na datse da kwaɗo, na jefa gwangwanin ƙwayar da ya ƙare a aljihun babbar riga don kada ta gani a bola, na tafi abina ina jin na yi dabara.

A nan nasihata gajera ce. Abin da zai shiga hancin wanda kuke kwana gida ɗaya, kada ki ɓoye masa shi. In kuma Allah Ya kawo miji, ya ce zai ajiye kayan kasuwa a gida na ɗan lokaci, ki karɓe makullin.

Ana cikin haka amai da gudawa ya ɓulla a ƙauyukan gefen dam ɗin Zobe, aka turo ma'aikatan lafiya su zuba magani a rijiyoyi kafin ya shigo gari. Wanda aka turo unguwarmu wani ne Bulus, Kirista daga can wajen Filato, siriri, mai yawan gaisuwa. Bai daɗe a garin ba, babu wanda ya san fuskarsa. Ya je gidan mai unguwa bai same shi ba, ya bar sallahu, sallahun kuma bai isa ba. Ni duk ban san wannan ba a lokacin.

Washegarin ranar da na zuba ƙwayar, da safe, Hajiyarku ta buɗe akurki ta tarar da kaji a miƙe, har da zakaran da take ji da shi. Ita kanta jiri take gani, ta durƙusa a bakin makwarara tana amai. Ni ma ƙirjina kamar an ɗora mini turmi. Me kike zato ya zo raina? Wake? Ko kaɗan. Cewa na yi abin da nake faɗa ne ya zo. Kunya nake ji da nake rubuta wannan, amma a ƙarƙashin tsoron akwai wani ɗan daɗi, wai yau Malam Sale zai san da Janar yake zama. Na jiƙa hankici na ɗaure hanci na fito ƙofar gida. Sai ga mutum a bakin rijiyar masallaci, ya rufe baki da hanci da ƙyalle, hannunsa da safa, yana tsiyaya wani farin ruwa daga bokiti.

Na ɗaga murya na ce, "Jama'a ku fito! Ga shi nan! Guba shika zuba muna!"

Ban taɓa sanin unguwarmu tana da mutane haka ba. Malam Sale ya taho da ludayin shayi, tela da almakashi, wata tsohuwa da taɓarya, wani ma da buta, ban san me ya yi niyyar yi da ita ba. Aka kewaye Bulus. Ya sauke ƙyallen ya ɗaga hannu ya ce, "Alhaji, ina kwana. Ni ma'aikacin lafiya ne, ga katina."

Na ce, "To da ɗan ta'adda zai zo da katin da aka rubuta ɗan ta'adda?"

Jama'a suka ce, "Gaskiyar Janar!"

Ya ce, "To bari in sha ruwan a gabanku."

Na ce, "Ai ka sha makari tun daga gida, mu za ka yi ma wayo?"

Aka sake cewa gaskiyar Janar. Ban taɓa yin magana ta karɓu irin ta ranar ba. Har na ja gefe na kira Gwaggonki Indo a Kurfi na ce mata kada kowa ya kusanci rijiya, an zuba guba, mun kama mutum ɗaya. Ina gama wayar na juyo, sai na ga dutse ya same shi a goshi. Jini ya rufe masa ido, ya zauna a ƙasa yana ta cewa, "Don Allah ku kira mai unguwa." Daga baya can wani ya ce a kawo fetur. Muryar yaron kirki ce, wanda nake gani a sahun farko. A nan ne gumi ya karyo mini. Na sa hannu a aljihu in ciro abin sharewa, sai yatsuna suka taɓa gwangwani.

Warin tafarnuwa ya bugi hancina. Nan take komai ya jeru a kaina, buhuna, taga, bango, akurki. Ina so in ce miki a take na yi magana, amma ƙarya ne. Tsayawa na yi ina auna girmana. Ina tunanin yadda zan sake zama a teburin shayi, mutum kuma yana zaune cikin jini a gabana. Sai na ji murya a bayana. Hajiyarku ce, ta dafo bango ta fito, hijabi a karkace, idanu sun faɗa. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Alhaji, mi ke cikin ɗakin soro?"

Ban san lokacin da na kutsa cikin taron na faɗa kan Bulus na rufe shi da babbar riga ba. Ina ihu ina cewa, "Wakena ne! Wallahi wakena ne! Ku bar shi!" Ki dubi wannan hoto, Janar a kwance kan ɗan ta'adda yana kiran wake. Kafin su gane abin da nake nufi na sha nawa rabon. Ludayin Malam Sale ya same ni a ƙeya. Har yau yana cewa kuskure ne, ni kuwa na lura sai da ya kalli fuskata sosai kafin ya sauke.

Yanzu ki saurara, don nan ne zancen yake. Idan taro ya kewaye ki, kati ba ya aiki, bayani ba ya aiki, duk gaskiyar da kika faɗa za a samu mai baki irina ya juya ta. Saboda haka aikin tun kafin taro ake yinsa. Kada ki taɓa murfin rijiyar kowa sai kin ga mai garin ido da ido. Ba sallahu ba, ba "ya ce in gaya miki" ba. In an ce ya fita, ki zauna a ƙofar gidansa har ya dawo, ko da kuwa ogan naki yana ta kira. Ki ce ya haɗa ki da mutuminsa, zai fi kyau tsohuwa, wadda ta yi wa rabin garin wankan jego. Ki gaisa da fuskarki a buɗe kafin ki ɗaura ƙyallen aiki, don mutum ya fi saurin jifan wanda bai ga bakinsa ba. In kuma duk da haka kika ga ana taruwa ana nuna ki, ki bar bokitin. Na gwamnati ne, za su sayi wani. Ki shige gida mafi kusa ki riƙe zanen babbar matar gidan.

Sannan ki nemi Janar ɗin garin. Kowane gari yana da nasa. Ba wuyar ganewa gare shi, za ki same shi inda maza ke zama, shi ke magana saura suna tauna. Ki je ki gaishe shi da ladabi, ki ce an gaya miki babu wanda ya san garin nan kamarsa, ki nemi shawararsa ko da ba ki bukata. In da hali ki ba shi ya zuba awon farko da hannunsa. Mu irinmu ba mugunta ke damunmu ba, so muke a ce mun sani. Da Bulus ya fara tsayawa a teburin Malam Sale ya ce mini ranka ya daɗe, da ni zan riƙe masa bokiti, in kuma yi wa jama'a bayanin maganin fiye da yadda shi ya sani.

Da a nan abin ya tsaya da na ce na sha da sauƙi. An kai Bulus an ɗinke masa goshi, an kwashe wake an fitar bayan gari, aka ce kada a kwana a gidan sai iska ta ratsa shi. Hajiyarku tana kwance a gidan iyayenta ba ta ko kallona, sai na ɗauke ki na kai ki Kurfi wurin Gwaggonki Indo. Tana tarbata ta ce, "Lawal, ina labarin mai guba?" Nan ya kamata in ce mata, Yaya, ƙarya na yi, wakena ne. Sai girma ya sake riƙe mini harshe, na ce, "Ai abin ya lafa." Na sha fura na hau mota na dawo.

Ashe maganar da na jefa da safe ta yi 'ya'ya a Kurfi. A can an ce jirgin sama ne ya yi feshi, an ce shanu sun mutu garke guda, an ce wani Janar na soja da kansa ya kama mutumin. Unguwar Gwaggonki suka rufe rijiyoyinsu da aka riga aka sa wa magani, suka koma ɗiban ruwan tafki. Ita kuma baiwar Allah, don ta tsare ki daga guba, ta riƙa tace miki ruwan tafkin da ɗankwali tana ba ki.

An taɓa gaya miki kina ƙarama kin yi wani ciwo don kin ci ɗanyen mangwaro. Ba mangwaro ba ne. Amai da gudawa ne, kuma ba ke kaɗai ya kama a unguwar ba. Na same ki a gadon asibiti an sa miki ruwa, idonki ya shige ciki, fatar hannunki in an ja ba ta komawa. Kika buɗe ido kika ce, "Baba, ruwa." Na fita waje na zauna a ƙasa na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mai sunanki. Duk makaman da na yi shekaru ina jira daga ƙasashen waje, babu wanda ya zo. Bakina ne ya kusa kashe ki.

Ina zaune a nan sai ga Bulus da filasta a goshi da ledar lemo. Ya zo dubiya. Na rasa inda zan sa fuskata. Ya durƙusa ya ce, "Alhaji, yaya mai jiki? Kwantar da hankalinka, yau ban zo da bokiti ba." Na kama hannunsa na ce ya faɗi duk abin da yake so in yi. Ya ce abu ɗaya ne, mutanen Kurfi sun ƙi komawa rijiya, kuma ba za su ji maganarsa ba, sai ta wanda ya fara.

Haka muka yi. Da kika fara samun sauƙi na sa babbar rigata na bi shi unguwa unguwa da moɗa a hannu. Duk rijiyar da muka je sai a tara mutane, in tsaya in ce, "Jama'a, ni ne Janar ɗin da kuka ji. Babu jirgi, babu guba, wakena ne." Sai in ɗebo in shanye a gabansu. Kurfi kuwa Allah Ya yi mata rijiyoyi. Kafin la'asar cikina yana ƙara in na taka, ina tafe ina tambayar bayan gida. Wata tsohuwa ta ce ba ta gani da kyau ba, in sake sha. Na sake. Tun ranar sunan Janar ya mutu, aka koma kirana Alhaji Wakena. Kin taso kina zaton don sana'ata ne, na bar ki a haka.

Abin da za ki ɗauka a nan shi ne, in kika yi kuskure a magana, ki warware ta da ƙarfin da kika ƙulla ta, a gaban waɗanda suka ji, kuma a ranar. "Abin ya lafa" ba warwara ba ce. Yanzu ma abin ya fi muni, don a zamanina sai na kira mutum ɗaya, ku kuwa da yatsa ɗaya kuke tayar da gari. Duk saƙon muryar da ya fara da "jama'a a yi hattara, a tura wa kowa," ki tambayi wanda ya turo ko ya gani da idonsa. Gwaggonki Indo za ta riƙa turo miki irinsu kullum, har yau ba ta daddara ba. Ki amsa mata da amin, ki goge.

Uwata, ban ce babu mugaye ba. Akwai su, kin ga yadda mutanen ƙauyukanmu suke kwana da takalmi a ƙafa. Kada ki yi tafiyar yamma, kada ki gaya wa wanda ba ki sani ba ranar da za ki taso, ki wanke hannu, ki tafasa ruwa. Wannan duk kin fi ni sani. Abin da ba ki sani ba shi ne yadda za a gan ki. Mutanen can su ma suna da rediyo, kuma abin da yake gaya musu game da Katsina ba daɗi gare shi ba. Za ki sauka da hijabinki da harshenki da bokitinki. A can wani mutum yana zaune yanzu haka, mutumin kirki ne, yana ibada, yana son 'ya'yansa kamar ransa, kuma ya daɗe yana gaya wa abokansa cewa wata rana za a zo. Shi nake tsoro fiye da ɗan bindiga, don na san yadda zuciyarsa take bugawa. Ban san sunansa ba, amma tun da takardarki ta fito nake sa shi a addu'a bayan kowace sallah. Ki neme shi kafin ya gan ki. In kin same shi ki gaishe shi, ki gaya masa yarinyar nan da zai gani a bakin rijiya tana da uba, kuma uban ya roƙe shi don girman Allah ya tambaya tukuna.

Hajiyarku tana gaishe ki. Ta ga ina rubutu ta tambaya ko na sa maganar kajinta, na ce na sa, ta ce to in ƙara da cewa har yau ban biya ta zakara ba.

Allah Ya tsare gabanki da bayanki. Ya tsare ki daga cuta da mugun ƙarfe da bakin mai tsoro. Ya sa ki a hannun mutanen da za su ɗauke ki ɗiya, Ya dawo mini da ke in gan ki da idona. Amin summa amin.

Ni ne mahaifinki,
Alhaji Lawal.